Tanon da Ban Cika Ba

Yau in ka ce Arlit, yara sai su tuna da fitilu da manyan motoci da ramin iraniyom. Ni na san wurin tun babu gari, babu ko ɗaki ɗaya na laka. Fili ne shimfiɗe da baƙar tsakuwa, sai itatuwan ƙaya jefi-jefi a bakin kori, wato hanyar ruwa wadda ba ta ganin ruwan sai shekarar da aka yi sa'a. Faransa ce ke mulki a lokacin, ko da yake an fara jin ƙishin-ƙishin ɗin tafiyarta. Wasu Turawa suka zo suna yawo a kan duwatsu da wani akwati mai ƙara. In ya yi kuka sai su tsaya su yi rubutu, su fasa dutsen su sa a buhu. Ba mu san abin da suke nema ba, ba mu kuma tambaya ba, don mu aiki ya kawo mu.

Ni da yayana muka zo daga wani ƙauye a ƙasar Maraɗi. Mu biyu kaɗai ne Kirista a cikin ma'aikatan sansanin, sauran duk Musulmi ne, Buzaye da Hausawan Damagaram da na Adar. Ba wanda ya taɓa takura mana. In sun tashi salla mu tsare musu tukunya, ranar Lahadi kuma su bar mu mu koma bayan wani dutse mu yi addu'armu. Yaya shi ke tuƙa kamiyon ruwa. Ni kuwa kome da ruwanka ne, in ɗauki buhu, in yi haƙa, in kuma yi wa babban Baturen tafinta, don na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko ta Faransa. Mushe kawai muke ce masa, wato maigida da Faransanci. Ina da zuciya a lokacin, har yanzu ma ina da ita, jikokina shaida ne.

Rijiyar da muke ɗibar ruwa tafiyar yini guda ce a mota, kuma babu hanya. Sai Mushe ya sa a jera tano, wato gangunan ƙarfe da aka juye esansinsu, man fetur ke nan, ta yadda in ka tsaya a gindin ɗaya za ka hango na gaba. Ya ce kowanne a tsayar da shi, a cika shi da rairayi har baki don kada iska ta kayar da shi. Jagoranmu, wani tsohon Buzu wanda kowa ke ce wa Baba, ya ƙara da nasa. Ya ce a ɗora dutse a kan kowane tano. A ƙasarsu abin da aka ɗora wa dutse ajiya ce, mutum zai bar kayansa a daji ya tafi har shekara ta kewayo, ya dawo ya tarar ba a taɓa ba. Abin da aka samu a yashe babu dutse kuwa, mai shi ya gama da shi, na wanda ya tsinta ne.

Ni aka ba wannan aiki. Yaya na tuƙi, ni ina sauka da shebur. Na yi su ɗaya bayan ɗaya yadda aka ce, har muka kai inda kori ya rabu biyu, hannun dama ya nufi rijiya, na hagu ya shige cikin rairayi ya ɓace. Rana ta take, bazara ce, tafin hannuna duk ya yi kanta ya fashe. Na tsayar da tanon, na watsa masa shebur biyu, na duba babu dutse kusa. Na ce a raina in mun dawo na ƙarasa. Da na hau mota Yaya ya ce, "Ka cika shi?" Na ce, "Na cika." Da muka dawo ina barci a bisa buhuna, ban ma san mun wuce wurin ba.

Bayan wata ɗaya aka yi iska kwana biyu, irin wadda ke share sawun mota kamar ba a taɓa bi ba. Da ta lafa ruwanmu ya yi ƙasa, Yaya ya tashi da kamiyon babu kome a ciki sai salkarsa ta sha. Shi kaɗai ya tafi, don an riƙe kowa a wajen haƙa. Kwana biyu ya kamata ya yi. Da na uku ya wuce muka bi shi da ƙaramar mota, ni da Baba da wani direba. A mararrabar nan babu tano. Sawun kamiyon ya bi hagu.

Mun same shi a rana ta huɗu, kwance ƙarƙashin kamiyon da ya nutse a rairayi har ciki. Ya yi ta haƙa da hannu, mun ga wurin. Ba zan faɗi yadda fuskarsa take ba. Baba da direban suka haƙa kabarin, suka taya ni sa shi, sa'an nan suka ja baya suka tsaya shiru don in yi masa addu'a irin tamu. Na buɗe baki, abin da ya fito kaɗan ne.

Baba ya koma mararrabar ya yi ta kewaya da ƙafa har ya ga sawun raƙumi. Muka bi sawun zuwa wata ƙaramar rijiya mai zurfi wadda mota ba ta zuwa. Ga tanon nan an tsaga shi biyu a tsaye, an yi komi da shi, awaki na shan ruwa a ciki. Mai shi wani Buzu ne makiyayi, siriri, bai fi ni shekaru ba. Ya fito da fara'a yana mana barka da zuwa, har yana nuna mana komin, yana jin daɗin dabararsa. Ni na fara kai masa mari. Da Baba bai riƙe ni ba da na yi abin da ya fi haka.

Aka kawo shi sansani aka ɗaure shi a jikin tayar wata tsohuwar mota. Mushe ya ce bayan kwana uku mota za ta tafi Agadas, za a miƙa shi ga kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, a kan satar kayan gwamnati da sanadin mutuwar ma'aikaci. Kowa ya san abin da wannan ke nufi, gidan kaso ne da aikin dole, kuma mutanen daji ba su cika daɗewa da rai a cikin ɗaki rufe ba. Kafin a rubuta takardar, Mushe ya ce a tambaye shi abin da zai ce. Ni ne tafinta.

Hausarsa irin ta mutanen Azbin ce, amma ta fito sarai. Ya ce, "Malam, ni ba ɓarawo ba. Na same shi kwance cikin kori, iska ya mirgina shi. Babu dutse bisa, babu kome ciki. Uwana ya ce in duba da kyau, na duba, babu dutse. Da akwai dutse ko na zinariya ne ba ni taɓawa."

Na juya na ce wa Mushe da Faransanci, "Ya ce shi ya ɗauka." Mushe ya rubuta.

Da aka watse Baba ya same ni a inuwar tanti. Ba ya jin Faransanci, amma kunnensa ƙalau yake. Ya ce, "Ɗana, maganarsa ta fi taka tsawo." Na ce, "Baba, yaren Turawa gajere ne." Ya dube ni, ya gyara rawaninsa, ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya tafi abinsa.

Washegari matar makiyayin ta iso da tsohuwar uwarsa a kan jaki. Ba su shigo sansani ba, suka zauna can nesa gindin wata ƙaya, inda za su riƙa hango shi. Matar tana da ciki wanda ya tsufa. Rijiyarsu sai namiji mai ƙarfi da raƙumi ke jan guganta, kuma sauran danginsu sun yi kudu tun farkon rani. In aka tafi da shi, dabbobin nan ba za su ga damina ba, su ma matan Allah kaɗai ya san yadda za su yi. Na san wannan sarai. Na kuma ƙi duban wajen.

Ma'aikata suka yi ta zuwa mini gaisuwa, kowa da kalmar da ake faɗa. Nufin Allah ne, kwanansa ne ya ƙare, ka yi haƙuri. Da zuciya ɗaya suke faɗa, kuma ni ma a ƙauyenmu haka muke ce wa mai makoki. Na kama kalmar nan na rungume ta. In nufin Allah ne Yaya ya mutu a rana kaza a wuri kaza, to ko na cika tano ko ban cika ba duk ɗaya ne. In kuma nufinsa ne Buzun nan ya shiga kaso, ni wane ne da zan hana? Har na ƙara da cewa ai shi ya ɗauka da hannunsa, ba ƙarya na yi masa ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nasa.

Rana ta biyu Lahadi ce. Na tafi bayan dutsen da muka saba, ni kaɗai a karo na fari. Na fara addu'ar da Yesu Almasihu ya koya wa almajiransa, wadda nake yi tun ina yaro ba tare da na tsaya na saurari kaina ba. Da na kai inda ake roƙon a yi nufin Allah a duniya kamar yadda ake yi a sama, sai bakina ya ƙi gaba. Na sake daga farko, ya sake tsayawa nan. Na yi fushi, na ce da ƙarfi, "To me kake so kuma? Ba an yi nufin naka ba? Ga shi can mun binne shi." Haka na yi wa Ubangiji magana, ba na alfahari da shi, amma haka aka yi.

Sai na tuna da mai bisharar ƙauyenmu, wani dattijo da kuturta ta cinye wa yatsu kafin ya warke. Wata rana wani ya doki matarsa har ta karye, ya zo majami'a yana cewa ƙaddara ce. Dattijon ya ce masa ba abin da ke faruwa a bayan idon Allah, ba kuma abin da ya fi ƙarfin hannunsa, amma ba duk abin da ya bari ya faru ne yake so ba. Ya ce da kome da ake yi a duniya nufinsa ne, da ba a koya mana mu roƙa a yi nufin nasa ba, don ba a roƙon abin da yake hannu. Abin da ya sa Allah ya bar Yaya ya bi hagu, ban sani ba, har yau da furfurata ban sani ba, na kuma daina yi kamar na sani. Amma abin da yake so daga gare ni a ranar ba ɓoyayye ba ne. Ya ce kada a yi shaidar zur, ya ce kada a danne marar ƙarfi. Wannan ko yaro ya sani.

Na zauna a ƙasa ina ta gardama, don ni ba na sakin magana da sauƙi. Na ce to ai kai mai ƙauna ne, ka yafe mini tsakanina da kai, a rufe zancen. Na yi kuka, na tuba, me ya rage? Amma na san abin da aka koya mini. An ce Allah bai taɓa yafe laifi ta hanyar kau da kai ba. Shi mai adalci ne, laifi ba ya ɓacewa don an daina maganarsa, sai an ɗauke shi. Saboda kuma yana ƙaunarmu, bai ɗora wa wani na nesa ba, shi da kansa ya zo ya ɗauka a kan gicciye, da yardarsa. Nan maganar ta juyo kaina. An riga an taɓa ɗaure marar laifi saboda ni sau ɗaya, shi kuwa ya yarda. Ga ni ina shirin ɗaure na biyu wanda ba a tambaye shi ba, sa'an nan in koma in ce wa na farkon na gode.

Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Ba tsoron Mushe ba, ba ma tsoron kaso ba. Tsoron in zama mutumin da ya kashe yayansa da ƙyuya da ƙaryar kalma biyu. Muddin Buzun na ɗaure, ni mai makoki ne, ana kawo mini shayi. In aka kwance shi, kowa zai san ko ni wane ne. Abin da ya tashe ni daga wurin shi ne abu ɗaya da dattijon nan ya fi maimaitawa har muna gajiya, cewa Allah bai jira mun gyaru ba kafin ya ƙaunace mu. Ashe ya san tanon nan tun ranar da na bar shi. Ya ji lokacin da na ce na cika. Bai kuwa kore ni daga bayan dutsen ba duk Lahadin da suka biyo. In wanda ya san duka bai yar da ni ba, sanin sauran mutane ba zai kashe ni ba. Na tashi na karkaɗe wandona, ban ƙarasa addu'ar ba.

Na tarar da Mushe yana cin abincin rana. Na ce ina da magana, kuma ina so a kira Baba da ma'aikata, a kawo ɗaurarren. Ya ce in jira ya gama. Na ce ba zan jira ba, don na san kaina, in na jira zan sami dalilin fasawa. Ya dube ni kamar zai zage ni, sai ya ajiye cokalin.

Na faɗa da Faransanci, na sake faɗa da Hausa don kowa ya ji. Na ce tanon mararraba ban cika shi ba, ban ɗora masa dutse ba, na kuma ce wa yayana na yi. Na ce shekaranjiya mutumin nan ya faɗi cewa a kwance ya same shi babu alama, ni na haɗiye maganar. Na ce bisa al'adar ƙasar nan bai yi sata ba, Baba na nan a tambaye shi. Wani Badamagare da muke ci a akushi ɗaya ya ce a hankali, "Haba, kai kuwa." Ban san ko don abin da na yi yake faɗa ba ko don na tona.

Mushe ya yi ja har wuya. Ya zage ni da kalmomin da ba a koya mana a lakwal ba. Ya ce duk da haka mutumin ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Na ce in akwai wanda za a kai wa kumandan ni ne, ga hannuna. Ya ce shi ba ya son wasan majami'a a wurin aikinsa. Na ce ba wasa ba ne, kuma in ya aika da takardar nan yadda take, zan bi motar ko da ƙafa in faɗa wa kumandan abin da na faɗa masa. Ya san taurin kaina, ya sha fama da shi a kan abubuwan da ba su kai wannan ba. Ya shiga tanti ya daɗe, ya fito ya yaga takardar, ya ce a kwance mutumin, ni kuma in tattara kayana.

Ni na kwance igiyar, ta ci masa wuyan hannu. Na zaci zai yi godiya ko ya tofa mini yawu. Sai ya tsaya yana murza hannunsa, ya ce, "Malam, don me ba ka faɗi ba tun ranan nan? Uwana kwana biyu bai ci abinci ba." Na ce tsoro na ji. Ya ce, "Ni ma na ji." Ya yi mini gaisuwar yayana yadda ake yi, ya juya ya nufi gindin ƙayar nan, yana ɗingishi saboda zaman ɗauri.

Motar Agadas ta tashi da ni a bayanta. Ba a kai ni kaso ba, an dai rubuta mutuwar a matsayin haɗarin hanya, aka sallame ni ba takardar shaida. Baba ya raka ni har bakin mota, ya sa mini dabino a aljihu. Kwana da kwanaki na yi kafin in kai gida, mota nan, ƙafa can, duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Labarin mutuwar ya riga ni isa, tare da cewa wani Buzu ne ya saci alamar hanya. Da na so, da na bar shi a haka, ba mai zuwa daga Azbin ya ƙaryata ni.

Matar Yaya na zaune a ƙofar ɗakinta cikin takaba, 'ya'yansu uku kewaye da ita. Da can ni da ita wasa muke yi irin na ƙanen miji, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba. Na durƙusa na gaishe ta, na ce a kai yaran wajen makwabta. Na faɗa mata duka, har da shebur biyun, har da abin da ya tambaye ni da amsar da na ba shi. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko ya sha wuya, na ce ya sha. Ta tambaye ni Buzun fa, na ce yana wajen iyalinsa.

Sa'an nan ta ce, "Ka yi abin da ya kamata, na sani. Amma kada ka roƙe ni gafara yau, don ba zan faɗi abin da babu shi a zuciyata ba. Da ka yi shiru, da ina da wanda zan ƙi can nesa, wanda ban san fuskarsa ba. Yanzu ka kawo mini shi cikin gida, kullum zan gan shi yana cin tuwo."

Na ce na ji. Ban roƙa ba, ban kuma bar gidan ba, ko da yake wasu sun ba ni shawarar in tafi Kano in ba ta wuri. Gonar Yaya na jiran shara kafin damina, yaran kuma sai sun ci. Da gari ya waye na gaishe ta daga bakin ƙofa, ba ta amsa ba, na ɗauki gatarinsa na tafi gonar.